Tambaya da Amsa: Tsohuwar Manhaja Ɗaya, Ma'aikata Da Yawa

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan lamari ɗaya suke, wato yadda za a ɗora tsohuwar manhajar ofis a kan kwamfuta guda, mutane da yawa su riƙa aiki da ita a lokaci ɗaya kowa daga teburinsa. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa. Tun zamanin Windows XP wani masanin kwamfuta ya rubuta mana manhajar da muke lissafin kaya da bashin kwastomomi da ita, an ce mini da wani harshen rubuta manhaja mai suna FoxPro ya yi ta, kuma shi Allah ya yi masa rasuwa. Manhajar ba ta taɓa ba mu kunya ba, sai dai a kwamfuta ɗaya take, ga yarana biyar suna bin layi a kanta, mai yanka rasit yana jiran mai shigar da kaya. Wani mai gyara ya ce a mayar da ita kan Windows 10, sauran su riƙa shiga ta Remote Desktop, wato shiga kwamfutar daga nesa. Mun gwada, amma da zarar na biyu ya shiga sai a fitar da na farko. Shin kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, in sayi wata?
Ɗan kasuwa, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mamacin, ya ƙara wa kasuwa albarka. Kada ka fitar da kuɗin sabuwar kwamfuta tukuna, domin abin da ka gani ba shi da alaƙa da ƙarfin na'ura. Windows 10 da Windows 11 nau'in Pro an tsara su ne su karɓi mutum ɗaya kacal a lokaci guda, ko yana zaune a gaban kwamfutar ko daga nesa ya shigo, nau'in Home kuwa ba ya ma karɓar mai shigowa daga nesa. Wannan iyaka ce ta lasisi da Microsoft ta gina a cikin tsarin, saboda haka ko kwamfuta mafi tsada ka sayo, na biyu zai ci gaba da korar na farko.

Abin da kake nema yana nan, kuma ya daɗe. A 1998 Microsoft ta fitar da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition, wanda ta gina a kan fasahar kamfanin Citrix, sannan a 2009 ta sauya wa wannan sashe suna zuwa Remote Desktop Services lokacin da Windows Server 2008 R2 ya fito. Yadda yake aiki shi ne, manhajar tana gudana a kan babbar kwamfuta ɗaya, wato saba, kowane yaro kuma yana da nasa zaman a cikinta. Kwamfutar da ke gabansa ba ta yin lissafin komai, aikinta kawai ta aika abin da ya buga a kibod da motsin maus, a mayar mata da hoton allo. Shi ya sa tsofaffin kwamfutocin da ake shirin zubarwa suke wadatarwa a teburan yaran.

Ga mai kasuwanci a inda wuta ba ta da tabbas, wannan tsari yana da wani amfani da masu gyara ba su cika ambata ba. Manhajojin FoxPro suna ajiye bayanansu a fayilolin DBF, tare da wasu fayiloli na fihirisa da ke taimaka musu gano layin da ake nema da sauri. Idan aka bi tsohuwar hanya, aka buɗe folda ɗaya a netwok kowace kwamfuta tana rubutu a cikinta ta waya, to duk kwamfutar da ta mutu tana tsakiyar rubutu za ta iya barin fihirisar a lalace, washegari a nemi sunan kwastoma a rasa alhali yana ciki. A tsarin saba kuwa rubutun duka a kan faifan sabar ake yin sa. A ce yaronka ya shigar da katan goma na madara da buhu uku na sukari, bai kai ga rufe rasit ba aka ɗauke wuta, allonsa ya mutu. Zamansa yana nan a raye a cikin sabar. Da an tayar da janareta ya sake shiga da sunansa, zai tarar da rasit ɗin a buɗe, madara da sukari suna nan, sai ya ci gaba daga layi na uku. Sharaɗin shi ne ita sabar kada ta taɓa mutuwa ba zato, don haka UPS mai lafiyayyen batir ko inbata wajibi ne gare ta, tun da yanzu aikin mutum biyar a wuyanta yake.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Windows Server zai ba mutum biyar damar buɗe manhajar, amma ba zai koya mata yadda ake aiki da mutum biyar ba. FoxPro yana da hanyar kulle layi ɗaya na bayani yayin da wani ke gyara shi, ya bar sauran layukan a buɗe ga kowa, amma sai idan wanda ya rubuta manhajar ya yi amfani da wannan hanya. Idan marigayin ya rubuta ta ne da tunanin kwamfuta ɗaya da ma'aikaci ɗaya, ɗayan abu biyu zai faru. Ko dai na biyu ya buɗe ta ce masa wani yana riƙe da fayil ɗin, ta ƙi shiga, wanda wannan shi ne mai sauƙi domin nan take ka san matsayinka. Ko kuma ta bar su duka su shiga, ba ta yi ƙorafin komai ba, amma yara biyu su yanka rasit biyu masu lamba ɗaya, ko a sayar da katan biyar a nan da bakwai a can, lissafin sito ya ragu da bakwai kawai. Irin wannan ɓarna ba a ganin ta sai ranar ƙidayar kaya, kuma a lokacin yaran shago za a fara zargi, ba manhaja ba.

Akwai gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba, kuma shi nake so a fara yi. A kwafe foldar manhajar gaba ɗaya zuwa wata kwamfuta, domin kada a yi gwaji a kan littafin bashi na gaskiya. A buɗe asusun shiga guda biyu a Windows ɗin wannan kwamfuta. A shiga da na farko, a buɗe manhajar, a fara rasit a bar shi a buɗe. Daga nan a sauya zuwa asusu na biyu ba tare da an fita daga na farko ba, a buɗe manhajar, a sayar da irin kayan nan a rufe rasit, sannan a koma na farko shi ma a rufe. A duba lambobin rasit ɗin biyu, a duba ragowar kaya a sito, a duba jimillar cinikin ranar. Windows yana raba waɗannan asusu biyu ne da dabarar da yake raba masu shiga saba, don haka abin da manhajar ta yi a nan shi za ta yi a can.

Idan ta ci jarrabawa, sai maganar kuɗi. Bayan lasisin Windows Server da lasisin shiga na yau da kullum, kowane mai amfani da Remote Desktop Services yana buƙatar nasa lasisin na musamman, wanda ake saya ko dai da sunan mutum ko da sunan na'ura. Shagon da yara ke karɓa-karɓa a kan teburi ɗaya, na na'ura ya fi masa araha. A kula da wani tarko da mutane da yawa suka faɗa: idan aka kunna wannan sashe, Windows yana ba da rangwamen kwana 120 ba tare da lasisi ba. Mai gyara zai haɗa komai, a ga yana aiki, a sallame shi, bayan wata huɗu a wayi gari yara sun kasa shiga. Ka tambaye shi tun farko ko kuɗin lasisin yana cikin abin da ya rubuta maka. Microsoft tana kuma ba da Windows Server na gwaji na kwana 180 kyauta, wanda ya isa ka tabbatar da komai kafin ka biya.

Na san za a ce maka akwai wata 'yar manhaja da ake sakawa ta cire wa Windows 10 wannan iyaka. Gaskiya ne akwai ta, amma ta saɓa wa sharuɗɗan lasisi, kuma takan daina aiki idan Windows ya sabunta kansa, abin da ke sa masu amfani da ita su kashe sabuntawa baki ɗaya. Ni dai ba zan ɗora bashin kwastomomin shago a kan irin wannan ba.

Idan kuwa ba ta ci jarrabawa ba, kada ka karaya. Ka sa a duba foldar ko marigayin ya bar fayiloli masu ƙarewa da PRG, domin su ne asalin rubutun manhajar, kuma idan suna nan, wanda ya iya FoxPro zai iya gyara mata kulle-kullen. Ko babu su, bayananka ba su ɓata ba, tun da fayil ɗin DBF sanannen tsari ne da har manhajar ofis ta kyauta LibreOffice ke buɗewa, ana iya kwashe shi zuwa sabuwar manhaja. Microsoft ta tsaya a Visual FoxPro 9, nau'in FoxPro na ƙarshe, ta kuma janye tallafinta gare shi a watan Janairun 2015, saboda haka masu iya shi raguwa suke yi kowace shekara.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ce mai kula da kuɗin wata makaranta mai zaman kanta. Mu uku muke shiga saba ɗaya muna karɓar kuɗin makaranta da wata tsohuwar manhaja. Abin mamaki, kuɗin da abokiyar aikina ta shigar ba na ganin sa a wurina, ita ma ba ta ganin nawa, har wani uba ya zo da rasit a hannu muka ce ɗansa bai biya ba. Kwanan wata ma yakan juye, 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris. Wani lokaci kuma rasit ɗina a ofishin shugaban makaranta yake fita.
Ma'aikaciyar kuɗi, Zariya

AMSA: Malama, matsaloli uku kika kawo, amma tushensu ɗaya. Manhajar zamanin da tana kama da gwauron da ya saba zama shi kaɗai a ɗaki, yana ajiye kayansa duk inda ya ga dama, ba ya tunanin wani zai shigo.

Mu fara da mafi hatsari. Manhajojin da aka rubuta kafin 2007 da yawansu suna ajiye bayanansu a cikin foldar Program Files, inda su kansu suke zaune. Windows ba ya barin ma'aikacin da ba shi da ikon admin, wato cikakken ikon sarrafa kwamfutar, ya yi rubutu a wurin. Domin kada tsofaffin manhajoji su mutu, sai Windows, tun daga nau'in Vista, ya ɓullo da wata dabara: idan manhajar ta nemi yin rubutu a can, sai ya karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore da ke cikin asusun mutumin, ya bar manhajar tana zaton ta rubuta a inda ta saba. A kwamfutar mutum ɗaya ba wanda zai lura. A sabar mutum uku kuwa, an samu littattafan kuɗi uku ke nan, kowa da nasa. Ki sa mai kula da sabar ya buɗe C:\Users, ya shiga sunan kowannenku, ya bi AppData, Local, VirtualStore. Idan ya tarar da fayil ɗin bayanan makarantar a kowane ɗaya, da girma da kwanan wata mabambanta, to an gano ɓarawon.

Kada a yi gaggawar goge ko ɗaya, domin kowanne yana ɗauke da kuɗin da babu a sauran. A kwafe ukun a ajiye, a zaɓi wanda ya fi cika, a zauna da kwafin rasit na takarda da bayanin banki a shigar da abin da ya rage da hannu. Aiki ne mai cin rai, amma ba shi da gajeriyar hanya. Bayan haka a mayar da manhajar wata folda a wajen Program Files, a ba ku uku izinin rubutu a wannan folda kaɗai. Mai gyara zai iya cewa ya fi sauƙi a ba kowa ikon admin. Yana iya kawar da matsalar, amma daga ranar kowane ɗayanku zai iya kashe sabar ko ya saka mata ƙwayar cuta da kuskure ɗaya. Idan za a sake ɗora manhajar daga farko, a buga umarnin change user /install kafin a fara, a buga change user /execute bayan an gama, domin Windows ya raba wa kowa nasa fayil ɗin saiti.

Kwanan wata kuwa, kowane asusu yana da nasa saitin yanki, kuma sabon asusu sau da yawa da tsarin Amurka yake zuwa, inda wata ke gaba da rana. Tsohuwar manhaja tana karɓar duk abin da asusun ya ba ta. A daidaita asusun ukun su zama rana, wata, shekara. Masu karatunmu na Nijar da Kamaru da Cadi su ƙara duba alamar da ke raba lamba da gutsurenta, domin tsarin Faransanci waƙafi yake sawa a inda na Ingilishi ke sa ɗigo, kuma manhajar da ta samu ɗaya a nan ɗaya a can tana iya karanta kuɗi ba daidai ba.

Maganar firinta ita ce mai sauƙi. Manhajar tana rubuta sunan firintar da aka yi amfani da ita a ƙarshe a fayil ɗaya da kuke tarayya a kansa, don haka wanda ya buga na ƙarshe shi ya zaɓar wa kowa. Raba fayil ɗin saiti zai magance wannan.

TAMBAYA: Malam, a kantinmu na kayan gyaran mota muna da manhajar DOS mai shuɗin allo, wadda take buƙatar wani ɗan makulli da ake soka wa a bayan kwamfuta, wurin tsohuwar firinta. Mun sayi saba, amma manhajar ta ƙi ko buɗewa. Mene ne abin yi?
Mai kanti, Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa, manhajojin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, da na Windows 3.1 tsohon gini ne da ake kira bit 16, kuma Windows mai bit 64 ba shi da sashen da ke gudanar da su. Windows Server 2008 shi ne na ƙarshe da ya zo da nau'in bit 32, kuma tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020. Duk wanda ya biyo bayansa mai bit 64 ne zalla, haka ma Windows 11.

Hanyar da ta rage ita ce manhajar da ke kwaikwayon DOS a cikin sabon Windows. Wadda aka fi sani ita ce DOSBox, amma don wasanni aka yi ta, ba ta kula da kulle layin bayani tsakanin mutum biyu, don haka ba ta dace da littafin kanti ba. Akwai vDos, wadda aka samo daga gare ta aka gyara musamman don manhajojin ofis, tana kula da kulle-kulle, tana kuma iya tura rubutu zuwa firintar zamani. Ita ya kamata a fara gwadawa, da irin gwajin asusu biyu da na bayyana wa Alhaji a sama.

Makullin ne zai fi ba ka wahala. Sababbin na'urori ba su cika zuwa da wannan tsohuwar kafa mai rami 25 ba, kuma wayoyin da ke mayar da USB zuwa irinta don firinta aka yi su, yawanci makulli ba ya aiki da su. Ko da an samu kafar, manhajojin kwaikwayo ba kasafai suke isa gare ta kai tsaye ba. Bugu da ƙari, makullin shaidar lasisin kujera ɗaya ne, har wasu makullan na baya-bayan nan an tsara su su ƙi aiki da zarar sun gane daga nesa aka shigo. Idan kamfanin da ya sayar muku yana nan, ku neme shi ya ba ku nau'in mutane da yawa. Idan ya rufe, shawarata ita ce tsohuwar kwamfutar ta ci gaba da aikinta ita kaɗai, a cire ta daga intanet, a nemo irinta ta biyu a ajiye saboda ranar da za ta mutu, a kuma fara shirin kwashe bayanan zuwa wata manhaja tun tana da rai.

TAMBAYA: Malam, sabarmu tana aiki lafiya a ofis. Ina so in riƙa duba ciniki daga gida da dare, sai mai gyara ya buɗe mini hanya ta intanet, ina buga lambar adireshi da kalmar sirri in shiga. Akwai matsala?
Manajan gidan buga takardu, Kaduna

AMSA: Akwai, ranka ya daɗe, kuma babba ce. Abin da mai gyaran ya yi shi ne buɗe ƙofa mai lamba 3389 ga duniya baki ɗaya, kuma akwai na'urorin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai neman wannan ƙofa suna gwada kalmomin sirri. Tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa suke shiga. A watan Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a sashen Remote Desktop da aka yi wa laƙabi da BlueKeep, wadda ba ta ma buƙatar kalmar sirri, kuma tsananinta ya sa Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kula da shi tun 2014.

A rufe ƙofar yau, a haɗa maka VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, irin su WireGuard, ta yadda sai ka shiga netwok ɗin ofis tukuna sannan ka ga sabar. Tun da dare kake shiga, ka saba da fita daga asusunka gaba ɗaya maimakon rufe tagar kawai, domin rufe taga yana barin manhajar a buɗe tana riƙe da fayilolin, kuma kwafin ajiyar da aka ɗauka a wannan hali yana iya fitowa gurgu. A saita sabar ta rufe duk zaman da aka bari bayan wasu sa'o'i, kwafin ajiyar kuma a riƙa ɗaukar sa a faifan da ake cirewa a tafi da shi gida, a gwada buɗe shi a wata kwamfuta lokaci-lokaci.